Kwamanda Ba Ya Cizon Mutumin Kirki

Ranar Litinin da safe, tun kafin Don Anselmo, wato Malam Anselmo a yaren garin, ya hura gawayi a ƙarƙashin kaskonsa, duk layin masu kayan marmari na kasuwar Atlixco ya riga ya ji cewa ɓeran nan ya sake cizonsa. Karo na biyu ke nan. Ya shigo da yatsa naɗe da bandeji yana ta cusa hannun a aljihu, amma mutumin da ke juya gyaɗa da 'ya'yan kabewa da hannu daga safe har yamma, ina zai ɓoye hannu?

"Ango ya iso!" in ji Nicanor mai lemo, amininsa tun suna yara, wanda ke kiransa Chemo, yana buga teburi. "Nuna mana, Chemo, wanne aka ci wannan karon?"

"Rufe mini baki."

"Wancan makon manuniya, jiya na tsakiya. Saura takwas. Ka riƙa tattali, kada ranar biki a rasa inda za a sa zobe."

Matan layin suka kwashe da dariya, har mai tumatir tana riƙe ciki. Anselmo ya duƙa yana fifita wuta, kunnuwansa sun yi ja. Abin dariya ne a wurinsu. A wurinsa kuwa aure ne sukutum yake neman kuɓucewa, kuma ɗan ɓeran da bai kai ƙwan kaza nauyi ba shi ke riƙe da shi.

Shekarunsa hamsin da shida, bai taɓa aure ba. Ƙuruciyarsa ta tafi wajen jinyar tsohonsa, sauran kuma kasko ya cinye. Sai ga Marisela mai ɗinki, wadda mijinta ya rasu shekara tara da suka wuce, ta fara tsayawa gaban kaskon duk Asabar. Wata shida yana zuba mata gyara kafin ya iya tambayarta sunanta. Da bakin ya buɗe kuwa bai sake rufuwa ba, kuma yau shekara biyu ke nan duk Asabar sai ya ƙunsa 'ya'yan kabewa na musamman, masu lemon tsami da barkono, ya ce a kai wa mahaifiyarta, Doña Eufemia. Amsar tsohuwar ba ta taɓa canzawa ba: a gaya wa mai gyaɗa ita ba tsuntsuwa ba ce, a kwandon shara take zubarwa.

Doña Eufemia ta haura tamanin, bakinta kuwa bai tsufa ba ko kaɗan. A falonta, a ƙarƙashin hoton Maryamu, akwai wani babban akwatin gilashi cike da dusar katako, a ciki akwai ɓerayen nan na hamada guda biyu masu gashi a wutsiya, waɗanda ake kira herbo. Ɗaya sunansa Gordo, ci da barci kawai ya sani. Ɗayan shi ne Kwamanda. A shekara uku Kwamanda ya ciji mutum uku: wani da ya zo gyaran tukunyar gas ya fita da rediyo a ƙarƙashin riga, da wata maƙwabciya da aka gano ita ke yaɗa gulmar Marisela, da wani mai tallan maganin gwiwa da ashe ruwan kala yake sayarwa. Tun daga nan tsohuwa ta kafa doka, duk unguwa ta haddace: Kwamanda ba ya cizon mutumin kirki.

Ranar da Anselmo ya fara shiga gidan, daga kasko ya taho kai tsaye. Ya nemi ya ɗan wanke hannu, tsohuwa ta ce babu ruwa a famfo, ta nuna masa akwatin. Ya zura yatsa yana murmushi, ya fito da shi yana ihu. A karo na biyu ya shirya: ya goge hannu da lemon tsami, ya juye rabin kwalbar turare a jiki, ya ce a ransa wannan karon zai riga ɓeran. Ya kai cafka daga sama. Kwamanda ya riga shi.

"Sau uku nake gwada mutum," in ji Doña Eufemia tana kallonsa yana tsotsar yatsa. "Lahadi mai zuwa ka zo da kwandonka da mai yi maka magana, kamar yadda ake yi. In ya sake cizonka, ka ɗauki kayanka ka koma da su, kada na sake ganin ƙeyarka a ƙofata."

Marisela ta raka shi bakin titi idonta jajir. Ta ce masa tana sonsa, Allah ya sani, amma ba za ta fita daga gidan nan ba sai da albarkar uwarta. Ya san ba wasa take ba.

To abin ya kai har bawan Allah ya fara zargin kansa. Ranar Litinin ɗin nan yana juya gyaɗa yana lissafin zunubansa. Ya tuna ya taɓa haɗa suyar jiya da ta yau ya ce duk sabuwa ce. Ya tuna ya taɓa jifan karen maƙwabci da takalmi. Ko dai akwai wani baƙin abu a zuciyarsa da shi ba ya gani, ɓera ke gani? Da ya faɗa wa Nicanor haka, sai Nicanor ya daina dariya, ya kama hannunsa mai lafiyar ya ja shi.

"Taho. Ka fara haukacewa. Mu je wurin Chayo."

Doña Chayo tana can ƙarshen kasuwa, bayan masu furanni, inda take sayar da tsuntsaye da kifin ado da zomaye da irin waɗannan ɓerayen. A wurinta aka sayi Kwamanda tun yana ɗan mitsitsi. Gajeriya ce mai faɗi, muryarta ta fi ta akunta ƙarfi. Ta saurari labarin tana tauna cingam, ba ta bari ya ƙarasa ba ta fizgo hannunsa ta kai hanci. Ta shinshina tafin, ta shinshina bayan, ta shinshina ƙarƙashin farce.

"Ubangiji ya yi mana jinƙai! Don Anselmo, ni kaina da ban karya kumallo ba da na gatsa. Shekara nawa kana wannan suya?"

"Arba'in da ɗaya."

"Arba'in da ɗaya! Kai ai ba hannu gare ka ba, gyaɗa ce guda biyar a jere. Abin nan ba ya gani sosai a kusa, da hanci yake rayuwa. Ka miƙa masa abin da ya fi so a duniya, ka ce kada ya ɗanɗana?"

"Amma karo na biyu na wanke, har turare na sa."

"Turare! Ka ji shi, Nicanor? Ka shiga ɗakin ɗan tahaliki kana warin abin da bai taɓa ji ba tun da aka haife shi. Tsaya ma tukuna." Ta ajiye ƙwallon lemon tsami a kan teburi. "Ɗauki wannan."

Kafin ta rufe baki hannun ya sauko daga sama, yatsu uku, caf, lemon ya ɓace. Haka yake tsame ƙwayar da ta ƙone daga tsakiyar kasko mai zafi, tun yana ɗan shekara goma sha biyar, domin wanda ya yi nawa a kasko fatarsa ce za ta biya.

Doña Chayo ta tafa hannu ta juya tana neman shaidu. "Kun gani? Shaho! Shaho ne wannan! A can ƙasarsu ta asali duk abin da ya sauko musu daga sama da gudu, mutuwa ce. Ka zo masa da ƙamshin abinci ya ɗanɗana, ka zo masa da zubin shaho ya kare kansa. Ina ruwan ɓera da zuciyarka, Don Anselmo? Shi da ke cin kwali!"

Anselmo ya ji kamar an sauke masa buhun masara daga ka. Ya zauna a kan wani akwati ba tare da an ce ya zauna ba. "To wancan na gas ɗin fa? Da mai maganin gwiwa?"

"Wa ya san abin da suka ci kafin su shiga? Kowa a garin nan yana tafe yana cin wani abu. Ka bar su. Kwana shida gare ka, kuma aikin ba ƙarami ba ne."

Ta jera masa sharuɗɗa tana ƙirgawa da yatsu. Daga ranar Alhamis ba shi ba kasko, ba shi ba gyaɗa, ko taɓawa. Wanke hannu da sabulun wanki mara ƙamshi, safe da rana da yamma, har ƙarƙashin farce. Turare kuwa ya kyautar. Marisela ta ɗebo masa dusar katako daga akwatin Kwamanda, ya riƙa murza hannu da ita, domin ya zo yana warin gida. In ya zo akwatin, hannu ya sauka a hankali ta gefe, ya kwanta a ƙasa tafi a buɗe, ya zama dutse. Ba shi zai je wurin ɓera ba, ɓera zai zo wurinsa. In ya ji haƙori ya taɓa shi kada ya fizge, ya ɗan hura masa iska a fuska kawai, zai saki.

"Shi ke nan?" in ji Anselmo.

"Ka ce shi ke nan? Ajiye hannunka nan, kada ya motsa, har in ƙirga talatin."

Bai kai bakwai ba yatsun suka fara rawa da kansu, suna juya gyaɗar da babu.

Ranar Laraba ya yi suyarsa ta ƙarshe. Ya ware ta Doña Eufemia kamar kullum, ya ƙunsa ya ɗaure tam, ya damƙa wa Nicanor tare da kasko da mafici. Nicanor ya rantse shi ma ya iya, ai ba karatu ba ne. Kafin rana ta take ranar Alhamis hayaƙin ƙonanniyar gyaɗa ya kori masu furanni daga rumfarsu, tsofaffin masu saye suna tofarwa suna tambaya ko Don Anselmo ya mutu ne.

Shi kuwa Don Anselmo yana can wurin Chayo, a durƙushe, hannu cikin akwatin ɓeraye goma sha biyu. Da farko mutum uku ne suka tsaya kallo. Kafin Juma'a kasuwa ta rabu biyu, masu cewa zai ci da masu cewa za a ci shi, kuma duk wanda ya sami sarari sai ya rugo ya leƙa. Mai nama ya zo da wuƙa a hannu ya manta bai ajiye ba. Ana ƙirga masa da baki ɗaya, a hankali, don Chayo ta ce duk wanda ya ɗaga murya za ta watsa masa ruwan kifi. Ranar Alhamis ya kai ashirin, wani farin ɓera ya ɗan gatsa shi, ya zabura ya kusa kifar da akwatin. Ranar Juma'a ya kai sittin, gumi na ɗiga daga haɓarsa, da wani ya sa masa haƙori sai ya hura, ɓeran ya ja da baya yana goge fuska. Mutane suka yi ta tsalle ba sauti, suna dukan bayan juna. Ranar Asabar da la'asar ɓeraye uku suka hau tafin hannunsa, ɗaya har ya bi hannun riga ya leƙo ta wuya. Anselmo ya tsaya ƙiƙam, hawaye na zubo masa, yana tsoron ko numfashi ya yi. Tun da yake bai taɓa sanin hannunsa zai iya zama wurin hutawar wani abu ba.

Marisela ta zo da yamma da leda ta biyu ta dusar katako a ɓoye cikin jakar ɗinkinta. Ta kama hannun ta shinshina, ta yamutsa fuska.

"Warin falonmu kake yi."

"Haka ake so!"

"Mama ta tambaye ni sau biyu yau, wai mai gyaɗa bai aiko da sharar tasa ba? Na ce ai kin ce zubarwa kike yi. Ta ce ita dai tambaya ta yi."

"Tana wurin Nicanor, gobe zai sa a kwando. Ni an hana ni taɓawa."

Lahadi bayan an fito daga coci, tawaga ta kama hanya. Bisa al'ada mutum huɗu ko biyar ke raka mai neman aure. Anselmo ya waiga a kwanar gidan burodi ya ga kusan mutum talatin, har da mai nama cikin farar riga, da mai tumatir da gyalenta na biki. Nicanor na gaba da kwandon a kafaɗa: burodi mai sukari, da cakulan, da manyan kyandirori biyu, da kwalbar giyar meskal, da furanni har suna rufe masa ido, a can ƙasa kuma ƙunshin 'ya'yan kabewa. Doña Chayo na gefe tana gadin hannun ango. Duk wanda ya miƙo hannu zai gaisa sai ta doke shi. Anselmo ya taho da hannayen a ɗage a gaban ƙirji kamar likitan da zai shiga tiyata.

Doña Eufemia ta tarbe su a zaune, cikin baƙar riga, sanda a tsakanin gwiwoyi. Ta dubi taron da ya cika tsakar gidanta har bakin taga, ta taɓe baki.

"Kasuwar aka rufe yau?"

Nicanor ya cire hula ya fara jawabin da ya kwana uku yana haddacewa, cewa sun zo da girmamawa, sun ga fure a lambun gidan nan. Bai kai rabi ba ta ɗaga sanda.

"Na ji. Kawo kwandon in duba, kada a ce na karɓi abin da ban gani ba. Marisela, kai mini kicin. A'a, ke fito, ni kaɗai zan duba."

Ta shiga ta turo ƙofa. Aka yi ta jira. Wani ya yi tari, wani jariri ya fara kuka aka fita da shi. Dubawar ta ɗauki lokaci fiye da yadda burodi da kyandir ke bukata. Can ta fito tana goge baki da gefen gyale, ta koma kujerarta kusa da akwatin, ta zare murfin.

"To, mai gyaɗa, gaba gare ka."

Anselmo ya durƙusa. Gwiwoyinsa suka yi ƙara, wani a baya ya yi dariya aka toshe masa baki. Ya sauke hannu ta gefen gilashin, a hankali, a hankali, har bayan hannun ya kwanta a kan dusa. Ya buɗe tafi. Gordo na can kwance cikin kwali, ko motsi bai yi ba. Kwamanda kuwa ya fito daga rami, ya miƙe a kan ƙafafun baya, ya tsaya yana kallo. Ya buga ƙafa a ƙasa sau uku, dub dub dub. Chayo ta riƙe hannun mai tumatir har sai da ta ce wash.

Ya matso. Ya koma. Ya sake matsowa, gashin bakinsa na rawa, ya shinshina babban yatsa, ya shinshina bandejin da shi ya jawo aka naɗa. Anselmo ya ji sanyin ɗan hancin a fatarsa, ya ji duk jijiyoyin hannun na roƙonsa ya fizge. Ya cije leɓe, ya kafa ido a kan Marisela, wadda ta rufe baki da hannu biyu. Sai ya ji ƙananan ƙafafu huɗu a tafinsa. Kwamanda ya hau, ya juya sau ɗaya, ya zauna daram a tsakiya, ya kama wanke fuska.

Tsakar gida ta fashe. Ba wanda ya tuna da dokar Chayo, har ita Chayon. Nicanor ya yi waje ya jefa hula sama ta maƙale a bishiyar lemo, mai nama ya rungume mai tumatir, maƙwabta na leƙowa ta katanga suna tambaya wa ya ci. Anselmo ya ɗago hannun a hankali zuwa ƙirjinsa, ya tallafe da ɗayan, ɓeran na zaune abinsa.

"Maguɗi ne!" Doña Eufemia ta miƙe, sanda ta faɗi. "An yi masa wani abu! Ba ni abina!"

Ta kai hannu daga sama da sauri za ta cafke shi. Kwamanda ya juyo ya datse mata yatsa.

Ihun da ta yi ya yanke na kowa. Ɓeran na maƙale, tana shirin yarfar da shi, Anselmo ya riƙe tsintsiyar hannunta ya sunkuya ya hura masa iska a fuska. Ya saki. Ya mayar da shi cikin akwati a hankali, ya rufe, sannan ya zaro farin hankicin da ya goge musamman don yau, ya naɗe yatsan tsohuwar. Da ya sunkuya ɗaurewa sai ƙamshin ya bugi hancinsa. Lemon tsami, barkono, gishiri, da ɗan hayaƙin gawayin itacen da shi kaɗai ke amfani da shi a kasuwar. Ko a cikin barci aka tashe shi ya san suyarsa. A gefen bakinta ma ga ɗan ɓawo nan a manne.

Daga bakin taga wata murya ta ce, ba da ƙarfi sosai ba amma kowa ya ji, "To fa. An ce dai ba ya cizon mutumin kirki."

Fuskar Doña Eufemia ta yi wani iri. Shekara uku tana yanke wa mutane hukunci da wannan dokar, yau ga ta tsaye a gaban rabin kasuwa da jini a yatsa. Anselmo ya ji yadda hannun da ke cikin nasa ba shi da nauyi ko kaɗan, sai tausayinta ya kama shi, duk haushin mako biyu ya bi iska. Ya juya wajen taga.

"Wa ya faɗi haka? Ɓera ne fa, jama'a. Hanci gare shi, ba ya ganin zuciyar kowa. Hayaniyarku ce ta firgita shi, ita kuma ta zo masa ta sama. Ko Fada limamin coci ne ya yi masa haka sai ya cije shi."

Bai ambaci ƙamshin ba. Da babban yatsa, kamar mai gyara mata gyale, ya share ɓawon daga gefen bakinta.

Tsohuwa ta dube shi, ta daɗe tana dubansa. Sannan ta koma ta zauna.

"Ka ɗauka ban sani ba?" in ji ta. Muryar ta sauka, sai na kusa ke ji. "Shekara uku ina ba shi abinci da hannuna, kai za ka gaya mini abin da yake cizo? Ranar da ka fara zuwa akwai ruwa a famfo."

"Mama!" in ji Marisela.

"Yi mini shiru. Ubanki ya tafi, yayyenki duk sun tsallake iyaka zuwa ƙasar da ke arewa, sai murya a waya. Ke kaɗai kika rage. In wannan ya ɗauke ki, da wa zan yi faɗa da safe? Da Gordo?"

Marisela ta durƙusa ta kifa kai a cinyarta tana kuka. Anselmo ya tsaya yana murza hannayensa masu warin dusar katako. Ba mai iya magana ba ne, shi ya sa ya ɗauko Nicanor, amma wannan ba ta Nicanor ba ce.

"Doña Eufemia, ni ɗaki ɗaya gare ni a bayan kasuwa, ko keken ɗinkinta ba zai shiga ba. Wata uku ke nan ina neman yadda zan tambaye ki, kunya ta hana ni. Ko tsakar gidan nan za ta ɗauki kasko ɗaya da mutum ɗaya? Faɗa kuwa, ki tambayi kasuwa, ni ban iya ramawa ba. Za ki samu biyu a maimakon ɗaya."

Tsohuwa ta ja hanci. Ta dubi tsakar gidan ta cikin ƙofa, ta dubi tukwanen furanninta, ta dubi hular Nicanor da ke lilo a bishiya.

"Hayaƙi zai kashe mini furanni," in ji ta. "Sai dai can jikin katanga, bayan bishiyar lemo." Ta ɗaga murya. "Kai mai lemo, me kake jira? Kwalbar nan ado aka kawo ta? Buɗe! Marisela, tashi ki kunna kyandirorin, kin jiƙa mini riga."

Wannan karon ihun har karnukan layi na uku sai da suka amsa. Aka rasa kofuna, aka shiga gidajen maƙwabta aro. Kowa na son ya gaisa da ango, Chayo ta ce yanzu kam a gaisa, ta sake shi. Yana tsakiyar mutane ana jijjiga masa hannu har bandeji ya warware, sai ya ji an ƙwanƙwasa masa sanda a ƙafa. Ya sunkuya. Doña Eufemia ta jawo kunnensa kusa da bakinta.

"Tun da za ka zauna a gidana, bari in gaya maka tun yau. Gishirinka ya yi yawa. Shekara biyu ke nan ina haƙuri."